Inda Jirgi Zai Kwana: Jagora ga Ɗan Kurfai da Ya Sayi Kwale-kwale Mai Inji

Daga Damana zuwa bakin Kogin Isa a Yamai tafiyar fiye da kilomita 100 ce ta hanyar Baleyara. Mu da muka tashi a Dallol Boso, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabkin da ke cika da damina ya janye da rani. Duk da haka cin rani ya daɗe yana kai samarin Tondikandiya da na Kurfai bakin kogi, kuma a ƴan shekarun nan da yawansu sun daina zama yaran jirgin wani. Mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi, su sayi kwale-kwale, su ɗaura masa Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 25, su shiga dakon kabewa da itace da buhunan shinkafa, ko fiton fasinja. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 2023 kuwa, ƙetarewa ta koma hannun masu jirage, wasu ƙannenmu suka gangara can.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne kuskure ɗaya da ke ta maimaituwa a gaban idona. Saurayi zai yi mako yana cinikin inji, ya ƙwanƙwasa kowane katako na jirgin, amma ba zai ba da ko yini ɗaya ga tambayar inda dukiyar nan za ta riƙa kwana ba. Inda mai sayarwa ya ɗaure, nan shi ma yake ɗaurewa. Ruwan shuka na sauka a gida, mahaifiya ta kira a waya, sai ya ƙulla igiya a turken da ya tarar ya hau motar Filinge. Watannin da yake duƙe a gonar hatsi kuwa su ne watannin da kogi ke sauya hali. Wani kuma tsoron ɓarayi ke sa ya yi hayar babbar mota, ya ɗora jirgin katako ya kai shi ƙofar gidansu. Duka biyun asara ce, kuma ana iya kauce mata.

Abin da za ka tanada

Gora doguwa, mita 4 ko 5, ka yi mata alama a kowane rabin mita. Da ita za ka auna zurfi, da ita kuma za ka ji irin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa.

Igiyoyin nailan biyu masu kaurin babban yatsa, kowace kada ta gaza mita 25. Igiyar kaba da ta rama suna ruɓewa a ruwa.

Anga ta ƙarfe mai ƙugiya, da guntuwar sarƙa mita 2 ko 3 tsakaninta da igiya.

Tsofaffin tayoyin mota, da guntayen tiyo na roba da za ka zura igiya a ciki duk inda take gogar katako ko dutse.

Sarƙa da kwaɗo. Yankakkiyar jarka ta kwarfar ruwa. Gumagumai uku ko huɗu, da zana ko tamfol, in har tudu za ka hau.

Takardar sayen jirgi da ta inji, da hoton lambar injin a wayarka.

1. Ka san shekarar kogi kafin ka kalli gaɓa

A ƙasarmu Kogin Isa cika biyu yake yi a shekara, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce jan ruwa na Agusta da Satumba. Ruwan saman da ya zuba a ƙasar Burkina Faso da yammacin Tillaberi ne yake gangarowa ta Sirba da Dargol da Goruwal, ya faɗa kogi a saman Yamai, ɗauke da jar laka da rassan itace, wani lokaci har bishiya da saiwoyinta. Wannan cika ba ta sallama. Kana iya kwanciya ruwa yana nesa da turkenka, gari ya waye ya shanye shi. Wajen Oktoba ruwa ya ɗan ja baya, sannan cika ta biyu ta iso: ruwan da ya sauka kan duwatsun Gini, ya yi watanni yana yawo a manyan fadamun Mali na wajen Mopti, ya ƙaraso Yamai a hankali, ya kai ƙarshen tashinsa wajen Disamba da Janairu. A Gaya yakan ɗan makara. Daga nan sai janyewa, har Mayu da Yuni, lokacin da tsibiran yashi ke fitowa tsakiyar kogi. A 1985 ruwan ya tsaya cak a Yamai, ya daina gudu.

Tsakanin ƙasa-ƙasan ruwa da ƙolinsa akwai mita uku zuwa huɗu a tsaye, a shekarar ambaliya ya fi haka. Ma'aunin da ke Yamai yana shiga jar alama a santimita 620, amma a Satumban 2020 ruwan ya kai wajen 700, ya fasa madatsai, ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, haka ma Saga. Hukumar kula da Kogin Isa ta ƙasashe tara, wadda hedkwatarta ke nan Yamai, tana bin wannan ma'auni, kuma gidajen rediyo suna faɗar sa in abin ya tashi. Ka saba da sauraronsa ko kana gona.

Ga abin da wannan ke nufi a gare ka. Turken da ka kafa a bakin ruwa a watan Yuni zai kasance a ƙarƙashin ruwan da ya shanye mutum biyu a Satumba. Jirgi yana tashi tare da ruwa, gajeriyar igiya kuma tana riƙe da kansa a ƙasa, har ta dulmiya goshinsa ruwa ya kwararo ciki. Jirage da yawa da aka ce kogi ya ci, igiyarsu ce ta nutsar da su. Haka nan wanda ya bar jirgi a ruwa mara zurfi a Fabrairu, zai dawo a Afrilu ya same shi zaune kan busasshiyar laka, rana tana cin sa.

Saboda haka duk tashar da ka je, ka nemi dattijo ya nuna maka wuri biyu da ƙafarsa: inda ruwan 2020 ya tsaya, da inda ruwa ke tsayawa a ƙarshen Mayu. Sau da yawa shatin lakar yana nan a jikin bango ko bishiya. Tsakanin waɗannan wurare biyu za ka yi dukan lissafinka.

2. Jirginka na mene ne?

Amsar wannan ita ke yanke hukunci tsakanin ruwa da tudu.

Jirgin katako ruwa ne ke riƙe da shi. Katakai suna shan ruwa su kumbura, su matse junansu, su matse audugar da kwaltar da aka liƙe tsakaninsu. In aka fitar da shi ya daɗe a busasshiyar iska, katakan su tsuke, mahaɗa su buɗe, ƙusoshi su yi sako-sako, wani katakon ya tsage bisa tsawonsa. Duk wanda ya taɓa ganin turmin da aka manta a rana da hunturu ya san abin da nake faɗa. Iskar Dallol daga Nuwamba zuwa Mayu ta fi ta bakin kogi bushewa, ga gara a ƙasa, ga girgizar hanya da za ta kwance abin da rana ta rage. Kada ka kai jirgin katako Damana. Wurinsa ruwa, ko kuma inuwa mai danshi kusa da ruwa, na ɗan lokaci. Sarkawa ma in za su daɗe ba su yi amfani da ƙaramin kwale-kwale ba, sukan nutsar da shi da gangan a wuri mara zurfi, mara gudu, su danne da duwatsu. Dabara ce mai kyau da rani, amma ba a yin ta gab da jan ruwa, domin laka za ta binne shi.

Jirgin faiba ba ruwansa da bushewa, tudu ma ya fi masa. Abokan gabarsa biyu ne: rana, wadda ke cin fatarsa har ta yi gari-gari, da ajiya a karkace, wadda ke lanƙwasa cikinsa. Jirgin ƙarfe kuma tsatsa ce ke kashe shi, kuma daga ciki take farawa, inda ruwan sama ya kwanta a ƙarƙashin katakan shimfiɗa ba wanda ya kwarfe.

Inji kuwa, ko wane irin jirgi gare ka, ba ya kwana a kogi in kai ba ka nan. Zan dawo kansa.

3. Karanta gaɓa

Ka je wurin da kanka, da gorarka, kuma ka je fiye da sau ɗaya: da safe, da la'asar sa'ad da tasha ta cika, da dare.

Fara da kwanar kogi. A bayan kwana, inda ruwa ke dukan gaɓa, akwai zurfi, shi ya sa baƙo ke sha'awar wurin. Amma can ne gudu ya fi ƙarfi, can ne gaɓa ke zaftarewa, can kuma duk gungumen da jan ruwa ya ɗauko yake zuwa ya daka. A cikin kwana ruwa a kwance yake, sai dai yashi yana taruwa, kuma shi ne farkon ƙafewa. Wuri mafi kyau shi ne inda wani abu ya tare maka gudun ruwa: ƙasan gungu, ƙasan hancin dutse, ko cikin reshen kogi da ba ya yankewa da rani. Ka jefa guntun kara ka bi shi da ido. In ya wuce da gudu, wuce kai ma. In ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, nan ne shara da kainuwa za su taru. Wurin da karan ya tafi a hankali, a miƙe, shi kake nema.

Sai ƙasa. Soka gorar. Laka mai ɗan tauri ita ce ta fi riƙe anga, kuma in ruwa ya janye jirgi ya zauna a kanta ba za ta ji masa ba. Yashi yana riƙewa yau ya saki gobe. Dutse yana cin cikin jirgi kowace igiyar ruwa, yana karya farfela, kuma daga Tillaberi zuwa Ayoru duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa suna da yawa. Ka auna zurfi a layi, daga baki zuwa ciki, ka ga ko gaɓar gangare ce a hankali. Gangare a hankali yana ba wanda zai yi maka gadin jirgi damar matsar da jirgi taki-taki yayin da ruwa ke hawa ko sauka.

Ka guji bakin kwari, wato inda ƙoramar tudu ke zubowa kogi. Da rani wurin fili ne mai farin yashi, mai daɗin tsayawa, har amalanke na iya isowa. Da ruwan sama guda mai ƙarfi ƙoramar za ta zo da yashin da zai rufe jirgi cikin sa'a ɗaya. Irin yashin da ƙoramar Kurtere ta tara a kogi a saman Yamai ya isa shaida.

Iska ma tana da ɓangare. Hadarin damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. A Yamai kogi yana gangarawa ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, don haka gaɓar birni tana ba jirgi mafaka, gaɓar Harobanda kuwa ita ke karɓar igiyar ruwan da iska ta koro ta faɗin kogi. Ban ce kada a ɗaure a Harobanda ba, jirage da yawa can suke. Amma wanda ya ɗaure can dole angarsa ta riƙe jirgin nesa da gaɓa, kada iska ta riƙa buga shi da ƙasa ko da jirgin maƙwabci. A kowace tasha ka juya ka fuskanci gabas, ka tambayi kanka me ke tsakaninka da hadari.

Ka duba sawun dorina. Babban sawu ne mai yatsu huɗu, da hanya a murje cikin ciyawar burgu, da kashi a warwatse kan ciyawa. Dorina tana fitowa kiwo da dare ta hanyar da ta saba, kuma abin da ta tarar a kan hanyar ba ta kewaye shi. Suna nan a Ayoru da Bubon, suna kuma zuwa har kusa da Yamai. Doka ta hana kashe su, don haka kai ne za ka matsa.

Wurare uku kuma ba naka ba ne ko da sun yi kyau: jikin madatsar gonakin shinkafa irin na Saga da Kirkisoy, bakin injinan da ke jan ruwan sha ko na ban-ruwa irin na Gudel, da ƙafafun gada. Turken da aka kafa a madatsa rami ne aka buɗe wa ruwa, kuma bayan madatsar nan abincin mutane ne da gidajensu.

4. Mutanen tasha

Wannan mataki ya fi na baya nauyi. Gaɓa mai kyau da ba kowa a kanta ta fi gaɓa matsakaiciya mai mutanen kirki haɗari.

Babu tashar da ba ta da mai ita. Akwai sarkin ruwa ko shugaban masu jirage, akwai mai unguwa, akwai ma'aikatar magajin gari mai karɓar haraji. In kamun kifi za ka yi, takardar izini tana hannun ma'aikatan ruwa da gandun daji. Ka fara da gaisuwa wurin sarkin ruwa kafin ka kafa ko tsinke, da goronka, tare da wani da ya san ka. Mu mutanen Tondikandiya Allah ya ba mu Zabarmanci da Hausa, kuma a bakin kogi duka biyun suna buɗe ƙofa. Ka ce, Baba, ni baƙo ne, daga tudu na fito, ina neman inda zan ajiye jirgina a ƙarƙashin idonku. Mutumin da ya shigo haka, ranar da igiyarsa ta tsinke da tsakar dare za a sami wanda zai shiga ruwa dominsa.

Kada ka tsaya ga maganar wanda zai karɓi kuɗinka. Ka zauna da masu jirage a wurin mai shayi ka saurara. An taɓa sace inji a nan? Da aka sace me aka yi? A jan ruwan bara jirage nawa suka nutse a ɗaure? Ka kuma duba da idonka: in ka ga jirage da ruwa kwance a cikinsu har ya yi kore, ka san mai gadin wurin ba ya kwarfa.

Kwarfar nan ba ƙaramin aiki ba ce. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi yana buɗe wa sama wajen murabba'in mita 10, in an cire tsukewar goshi da gindi. Ruwa guda na milimita 50, irin wanda Agusta ke yi a dare ɗaya, ya zuba masa lita 500 ke nan, rabin tan. Yamai kuwa tana samun milimita 500 zuwa 600 a shekara. Ruwa bayan ruwa ba kwarfa ya isa ya kai bakin jirgi daidai da kogi.

To, ka yi magana da mai gadi dalla-dalla, a gaban shaidu biyu, a rubuta. Addininmu ma ya hore mu da rubuta irin wannan. Aikinsa: kwarfa bayan kowane ruwa, matsar da turke da sassauta igiya yayin da kogi ke hawa, ture kainuwa da itacen da suka maƙale. A faɗi ko an yarda ya hau jirgin ko ya ba da shi haya, a faɗi wanda zai biya in wani abu ya lalace. Rabin lada a gaba, rabi in ka dawo, da ɗan kuɗin waya don ya turo maka hoto ta WhatsApp kowace Juma'a. Kada ka matse shi a farashi. Mutumin da za ka nema ya fito cikin ruwan sama da ƙarfe uku na dare ba wanda za ka yi wa ƙwauro ba ne.

A ganina, ga mai jirgin katako da zai tafi noma, abin da ya fi duka shi ne ya ba wani amintaccen matuƙi jirgin ba tare da inji ba, ya yi aiki da shi da filafili da gora, a raba abin da aka samu. Jirgin da ake hawa kullum ana kwarfe shi kullum, kuma ɗigon da ya fara yau, yau za a gan shi.

5. Ɗauri

Igiya ɗaya ba ta isa ba. Goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, domin abin da kogi ya ɗauko ya goge shi ya wuce maimakon ya daki haƙarƙarinsa. Ka jefa anga sama da jirgin, can cikin ruwa, da igiya mai tsawon zurfin wurin sau biyar zuwa bakwai, kuma zurfin da za ka lissafa shi ne na Satumba, ba na yau ba. Dalilin tsawon shi ne anga tana riƙewa ne in ana jan ta a kwance. In igiya ta miƙe tsaye, tumɓuke ta za ta yi. Guntuwar sarƙar nan ita ke ƙara kwantar da jan.

Igiya ta biyu ta tafi tudu, zuwa bishiya mai rai ko turken ƙarfe da ke sama da shatin babban ruwa, inda hannu zai iya kai wa gare shi ko kogi ya cika. A jikin jirgi kuma ka ɗaura a katako mai ƙarfi na gindin goshi, kada a ƙusa ko a allon zama. Zura tiyo duk inda igiya ke goga. Rataya tayoyi a gefen da ke kallon maƙwabci. Ka kwashe filafili da tanki da rigunan ceto da allunan shimfiɗa, don mai kwarfa ya ga ƙasan jirgin sosai.

6. In tudu ka zaɓa

Wurin ajiya a tudu, ko filin wani ne mai katanga ko rumfar makerin jirage, sharuɗɗansa huɗu: ya kasance sama da shatin 2020, kada ya kasance kan hanyar ruwan unguwa, ya sami inuwa, kuma a sami hanyar da za a mayar da jirgin kogi ko ruwa ya yi nisa. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa. Wanda ya hau da jirgi a Janairu ruwa na bakin ƙofa, a Mayu zai tarar da doguwar tafiya a kan yashi.

Kada a ja jirgi a ƙasa. A shimfiɗa gumagumai ya gangara a kansu, ana ɗauke na baya ana kai shi gaba, da mutane isassu a kowane gefe, ba kowa a bayansa a kan gangare. A wanke laka da gansakuka tun suna da danshi. A ɗora shi kan gumagumai aƙalla uku, daidai da juna, taki ɗaya sama da ƙasa, nauyin yana kan ƙashin bayansa. In biyu ne kawai a kai da gindi, tsakiya za ta lotsa. A zuba toka ko a shafa tsohon baƙin mai a gindin gumaguman saboda gara, a riƙa dubawa, domin gara tana gina hanyarta cikin kwana kaɗan.

Jirgin faiba da na ƙarfe a kife su in za a iya. In ba za a iya ba, a ɗaga goshi, a cire toshiyar gindi don ruwa ya fita, a ɗaure toshiyar a wurin da ido zai gan ta ranar komawa. Rumfar zana ta fi tamfol, don tana barin iska ta ratsa. In tamfol ne, a ɗaga shi kan sanda kada ya manne, kuma kada ya yi kwarin da ruwa zai taru. Jirgin katako da aka fitar don gyara, a rufe shi da buhunan algarara, a riƙa yayyafa musu ruwa safe da yamma, a gama aikin cikin kwanaki, a mayar da shi.

Kada wurin ya kasance kusa da murhu, ko masu walda, ko tarin ciyawa.

7. Inji

Shi ne rabin dukiyar ko fiye, kuma shi ɓarawo ke so, don mai doki 15 bai fi kilo 40 ba, mutum ɗaya na saɓa shi. A kwanakin aiki ka cire shi kowane dare ka kai ɗaki mai ƙofar ƙarfe. In babba ne da ba ya ciruwa kullum, sarƙa da kwaɗo ta cikin maɗaurinsa, a kuma ɗaga ƙafarsa daga ruwa.

In za ka ajiye shi na watanni, ga tsarin. Tsoma ƙafarsa a ganga mai ruwa mai tsabta, ruwan ya rufe ramukan shan ruwa sosai, ka tayar da shi ba giya ya yi ƴan mintoci, don lakar kogi ta fita daga hanyoyin sanyaya shi. Kada ka taɓa tayar da shi a busasshe ko na ɗan lokaci, domin fankar robar da ke tura ruwa tana ƙonewa nan take. Kwance ƙaramin noti na gindin kabureta ka tsiyaye man, in ba haka ba zafi zai busar da shi ya bar danƙo a ƙananan ramuka. Cire fulogi, ka ɗiga cokali ɗaya na man inji a kowane rami, ka ja igiyar tayarwa a hankali sau kaɗan, ka mayar. Sauya man da ke cikin ƙafar, ana ɗura shi ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama. In tsohon ya fito fari kamar an gauraya, ruwa ne ya shiga, a kai wa makanike yanzu, kada a bar shi ya yi tsatsa har kaka. Cire farfela ka duba sandarta: zaren taru yakan naɗe a wurin ya yanke robar da ke hana ruwa shiga. Shafa giris ka mayar.

A ajiye shi a tsaye kan katako. In dole a kwantar, kansa ya fi ƙafarsa tudu, don ragowar ruwa kada ya gangara cikin injin. Liƙe ƙaramin ramin da ruwa ke tsartuwa ta cikinsa, domin zanzaro yana son gina laka a wurin, ka kuma tuna ka buɗe. Ɓera yana cin wayoyi, don haka kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da hatsi. Man da ya rage a tanki, wanda aka riga aka gauraya, a yi amfani da shi, ba a ajiye shi watanni, ba a kuma kwana da shi a ɗaki.

Inji yana iya zuwa gida Damana, busasshiyar iska ba ta cutar da shi. Ka ɗora shi kan taya a mota, ka riƙe takardar sayensa a aljihu. An sa sassan jihar Tillaberi a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017, shingayen bincike suna da yawa, kuma inji ko jarkar mai da ba takarda abin tambaya ne. Saboda wannan dalilin, kafin ka zaɓi tasha a saman kogi wajen Tillaberi da Ayoru, ka tambayi hukuma abin da aka yarda da shi game da zirga-zirga da lokutanta.

8. Ranar dawowa

Bayan an ɗaure damman hatsi ka sauko, kada ka ɗauki kaya ranar farko. Bi igiya da hannu daga turke har jirgi, ka ja anga ka duba. Bi mahaɗar katakai da bakin wuƙa, inda ya shige da sauƙi akwai ruɓa. Jirgin katakon da ya yi kwanaki a tudu, a sa shi a ruwa mara zurfi, a bar shi ya sha kwana biyu ko uku ana kwarfewa, har ɗigon ya ragu, sannan a liƙe inda ya ƙi rufuwa. A ɗaura inji da sabon mai, a tayar, a tabbata ruwa yana tsartuwa ta raminsa kafin a sa giya. Zagayen farko a yi shi ba kaya, kusa da gaɓa, da rigar ceto a jiki da filafili a hannun yaron jirgi. In komai ya yi daidai, ka cika wa mai gadi ladansa a gaban shaidun da aka ƙulla maganar, ka kuma nemi ya nuna maka inda ruwan bana ya tsaya, ka rubuta a littafinka.